Darakta a Bakin Dam

"Yallaɓai, miƙo ƙugiyar nan in ɗaura maka," in ji Basarke, ganin Darakta mai ritaya ya share rabin sa'a a bakin dam ɗin Tiga yana kokawa da zare, hannun babbar riga na jan taɓo.

"Ka ɗaura wa wa? Ni da na bar aiki a mataki na 16? Faɗi yadda ake yi a taƙaice, zan duba in amince."

"To, ranka ya daɗe. Tunda tarwaɗa kake nema da tana, ba a hujin ƙugiya ake ƙulli ba, jikinta ake yi wa naɗi. Ka zura zaren ta hujin, daga ɓangaren da tsinin yake kallo. Ka kwantar da shi a jikin ƙugiyar, ka lanƙwaso shi ya yi zobe, ka riƙa naɗe ƙarfen da zaren tare, sau 7, layi kusa da layi, kada wani ya hau wani."

"Me ya sa 7? Wa ya sa hannu a kan 7?"

"Babu wanda ya sa, yallaɓai. In zaren mai kauri ne ma 5 ta isa."

"5 ta ƙananan ma'aikata ce. Ni 16 zan yi."

Ya kuwa yi 16 ɗin, yana ƙirgawa da ƙarfi don yaran da ke wankin babur su ji. Tun daga na 9 naɗin ya fara hawa kan juna, ya dunƙule kamar rawanin ɗan koyo. Zaren ma ta bayan huji ya zura shi, wai shi tunda yake bai taɓa shiga ofis ta ƙofar jama'a ba.

"Yallaɓai, ta gaba ake bi. Amfanin naɗin ke nan: in ka fizga, ƙarfin ya bi jikin ƙugiya a miƙe, tsinin ya juyo ya kama leɓen kifi. In ka bi ta baya, tsinin kaucewa zai yi."

"An ji. Za a duba."

(Duk wanda ya taɓa bin fayil ɗinsa a sakatariya ya san ma'anar "za a duba.")

"Saura ka tofa masa yawu kafin ka ja. Zaren roba in ya gogu a bushe zafi yake yi, ya yi rauni."

Darakta ya cire tabarau. "Yawu? Ni? A bainar jama'a? Kai, ka san gwamnoni nawa na yi wa rakiya?"

"To tsoma shi a dam."

"Wannan ruwan da shanu ke sha?"

Sai da aka aiki yaro mota ya ɗauko ruwan gora, aka tsiyaya wa ƙulli, Darakta na cewa a yi a hankali, da kuɗi ya saya.

"Wai ko'ina ake wannan naɗin?"

"A'a. In kifin roba za ka ja a ruwa, ƙulli a huji ya fi, don ya samu ya yi rawa. Amma ƙugiya marar huji, mai faffaɗan kai, ba ta da wata hanya sai naɗi. Da shi muka tashi."

"Da ka rubuto wannan tun farko."

Aka jefa. Can sai zare ya miƙe, sanda ta lanƙwashe. Darakta ya tashi tsaye yana kabbara, ya fizga da ƙarfin shekara 35 na aikin gwamnati. Zare ya dawo fayau, bakinsa a murɗe, babu tana, babu ƙugiya.

"Yallaɓai, naɗin ne ya warware."

"Naɗi lafiyarsa ƙalau. Kifin ne bai bi ƙa'ida ba. Zan kafa kwamiti." Ya leƙa cikin kwalekwale, ya rage murya. "Wancan babban kifin, nawa ne kuɗinsa? Hajiya na jira, na riga na ce mata ta jajjaga kayan miya."

"Dubu takwas, ranka ya daɗe."

"Sa masa ƙugiya a baki, da irin naɗin naka, ka ɗauke ni hoto. Kuɗin kuma in fansho ya fito."

Basarke ya ja buhu ya rufe kifinsa. "An ji, yallaɓai. Za a duba."