Macen da Ba a Taɓa Haifa Ba: Nasiha ga Matasa

Kwanakin baya na ga wani matashi sanye da rigar gwanjo wadda aka buga wa zanen wata Baturiya a ƙirji, ta yi zaman rangwaɗa cikin ɗan guntun tufafi tana murmushi. Da na tambaye shi ko ya san abin da yake ɗauke da shi, sai ya ce ai tsohon zane ne kawai, kuma yanzu shi ake yayi. Wannan amsa ce ta sa na ga ya kamata in yi magana da ƙannena da sa'o'ina, domin irin waɗannan zane-zane sun dawo a jikin riguna da fuskokin wayoyi da sunan fasahar zamanin da, alhali yawancin masu yaɗa su ba su san kasuwar da ta haife su ba.

A Amurka abin ya bunƙasa. Mujallar Esquire, wadda aka kafa a Shikago a 1933 domin maza, ta fara da zanen George Petty, sannan a 1940 ta ɗauko Alberto Vargas, ɗan ƙasar Peru, ya ci gaba da zana mata 'yan mata. Ana ciro shafin ne a kafe shi a bango, kuma daga wannan ɗabi'a hotunan suka samo sunansu a can, wato "pin-up", abin da ake kafewa a bango. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu sai sojoji suka riƙa manna su a barikoki, har ma suna kwaikwayon zanen a goshin jiragen yaƙi.

Abin da nake so ku fara lura da shi shi ne, macen da ke cikin zanen ba a taɓa haihuwarta ba. Petty ya shahara da tsawaita ƙafafu da ƙanƙanta kan mace fiye da yadda Allah Ya halicci ɗan Adam, kuma shi da Vargas duk suna aiki da na'urar fesa fenti wadda ke shafe tabo da ƙurji da duk wata alamar gajiya daga fata. Gil Elvgren, wanda ya daɗe yana yi wa kamfanin Brown & Bigelow zanen kalanda, yakan ɗauki hoton mace ta gaske da kyamara, sa'an nan ya zauna ya matse mata ƙugu ya ƙara mata tsawo, ta yadda idan aka jera hoton da zanen za a ga ita kanta wadda ta tsaya aka ɗauka ba ta kai siffar da aka ba ta ba. To, saurayin da ya saba wa idonsa da wannan ma'auni, wace mace ce za ta cika masa shi? Zai auri 'yar mutane mai jini da tsoka, wadda za ta yi laulayi ta haihu ta yi rashin lafiya, ya riƙa auna ta da abin da aka haɗa da fenti, ya zalunce ta a zuci ba tare da ta san laifinta ba. Umurnin runtse ido da ya zo a Suratun Nur ya fara da maza ne kafin mata, kuma ban ga inda aka ware zane aka ce shi babu komai ba.

Kada kuma wani ya ce muku can ma ba a yi gardama ba. A 1943 shugaban hukumar gidan waya ta Amurka ya janye wa Esquire rangwamen kuɗin aika mujalla, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda a 1946 ta ba mujallar gaskiya. Hukuncin ya tsaya ne a kan iyakar ikon jami'in gwamnati, bai ce hotunan tarbiyya ba ne.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar wanda ya ci ribar. Vargas, wanda hannunsa ya yi aikin, mujallar ta gutsure masa harafin ƙarshe na sunansa ta mayar da shi Varga, kuma da suka ɓata ya kai ƙara kotu sai ya tarar cewa sunan ya zama mallakar kamfani, ba shi da ikon yin amfani da shi. Idan haka aka yi wa mai zane, ku ƙiyasta abin da ya sami matan. A nan nake roƙon ƙannena mata su saurara da kyau, musamman waɗanda wani zai lallaɓa ya ce a turo masa hoto shi kaɗai zai gani, domin hoto idan ya bar hannunki ya tashi daga naki, kuma maƙale shi a bango a wancan zamani ya fi sauƙin magancewa a kan yaɗuwarsa a waya a yau.

Ga misali, a 1949 Marilyn Monroe, wadda daga baya ta zama fitacciyar 'yar fim ta Amurka, tana cikin matsin rashin kuɗi tun kafin ta yi suna, ta yarda wani mai ɗaukar hoto ya ɗauke ta tsirara a kan dala 50. Bayan shekara huɗu, lokacin da tauraruwarta ta haska, Hugh Hefner, wanda ya kafa mujallar maza ta Playboy, ya sayi izinin buga hoton a hannun wani kamfanin kalanda a kan dala 500, ya sa shi a fitowar farko ta mujallar Playboy a Disambar 1953, aka sayar da kwafi fiye da 50,000. Ba a nemi yardarta ba, kuma ba a ba ta ko sisi ba. Ta rasu a 1962 ba su taɓa haɗuwa da shi ba. A 1992 Hefner ya biya dala 75,000 ya sayi gurbin kabarin da ke maƙwabtaka da nata a wata maƙabarta a Los Angeles, kuma a nan aka ajiye gawarsa a 2017.