Wanda ya toshe bakin gargaɗi ya rubuta mana dalili

Ƴan'uwa masu rubuta manhaja a nan Yamai, akwai ɗabi'ar da ta ishe ni. Ka buɗe aikin da wani ya bar maka, a layin farko ka tarar da eslint-disable, umarnin da ke kashe gargaɗin ESLint, manhajar da ke bincika kurakuran kod, tsirara, ba sunan doka, ba dalili. Fayil ɗin dukansa an toshe wa mai bincike baki ke nan. Tamkar direban taksin da ya liƙa tef kan jar fitilar mai don kada ta dame shi.

Amma fa ba na tare da shugabannin aiki masu cewa a haramta kashe gargaɗi kwata-kwata. In ka hana mutum wannan hanya, kod ɗin zai je ya taɓa don na'ura ta yi shiru, ɓarnar kuma a nan take. A 2006 wani mai kula da OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai, a Debian, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, ya cire layi biyu saboda Valgrind, wata manhajar gano kurakurai, na ta ƙorafi a kansu. Ƙorafi kam ya tsaya. Ashe ɗaya daga cikinsu shi ke zuba lambobin da ba a iya hasashe cikin injin ƙera makullan sirri. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello, wani ma'aikacin Debian, ya gano, bayan an yi kusan shekara biyu ana ƙera makullan da adadinsu bai wuce 32,768 ba a kowane irin makulli da irin na'ura, har a Ubuntu da aka gina kan Debian.

Abin da nake so mai sauƙi ne. Ka kashe a layi ɗaya, ka faɗi sunan gargaɗin, ka rubuta dalili a gefe. A yaren C akwai push da pop na pragma, umarnin da ke kashe gargaɗi a wuri ɗaya su kuma mayar da shi. A yaren TypeScript, tun sigar 3.9 ta 2020, cikin alamomin kashe gargaɗi ts-expect-error ta fi ts-ignore, don ranar da kuskuren ya gushe ita da kanta za ta ce a cire ta.

Kuma kada a bar wa faɗan oga wannan aiki, oga na mantuwa (ran da kwastoma ke jira ma, shi zai fara karya dokar). A sa na'ura ta ƙi karɓar kod ɗin da ya saɓa wa dokar. Sai dai a bi sannu a tsohon aiki: Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya kunna -Werror, mai mayar da kowane gargaɗi kuskuren da ke tsayar da aiki, a Linux 5.15 a 2021, cikin ƴan kwanaki aka sassauta don haɗa kod ɗin ya yi ta gagarar mutane. A fara da sababbin layuka, tsofaffin a riƙa rage su duk lokacin da aka taɓa fayil.