Gudun da wani yake jira a ƙarshensa

Duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar fara gudu domin lafiyar jikinsa ya san cewa wuyar abin tana zuwa ne bayan ɗoki ya kwanta, lokacin da takalmin ya daina zama sabo, kuma babu mahalukin da zai tambaye shi dalilin da ya sa bai fito ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, amma alƙaluman da ta tattara na shekarar 2022 sun nuna cewa kusan kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya, wato mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma'auni. Yawancinsu sun san amfanin motsa jiki sarai. Abin da suka rasa shi ne dalilin da zai tashe su ranar da kasala ta danne su, kuma a ganina ƙungiyoyin da suka haɗa gudu da aikin sa kai sun gano wannan dalili fiye da kowane ɗakin motsa jiki mai tsada.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne GoodGym, wadda Ivo Gormley ya kafa a gabashin Landan a shekarar 2009. Tunaninsa mai sauƙi ne: mutane suna biyan kuɗi su shiga ɗaki su ɗaga ƙarafan da ba sa buƙatar ɗagawa, su yi gudu a kan na'urar da ba ta kai su ko'ina, alhali a unguwar tasu akwai kayan da suke jiran a ɗauke da tsofaffin da suke jiran a leƙa su. Shi kansa ya fara ne da gudu zuwa gidan wani dattijo da ba ya iya fita, yana kai masa jarida. A yau 'yan ƙungiyar sukan haɗu da yamma bayan an tashi daga aiki, su yi sassarfa ta 'yan kilomitoci zuwa inda aikin yake, su yi kamar rabin sa'a suna kwasar ƙasa da shebur a lambun unguwa, ko shafa fenti a wata cibiyar jama'a, ko jera kayan abinci a rumbun taimakon mabuƙata, sannan su sake gudu su koma inda suka taso.

Ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne ziyarar tsofaffi. Ana haɗa mai gudu ɗaya da dattijo ɗaya mai fama da kaɗaici, ya riƙa zuwa wurinsa a kai a kai, kuma ƙungiyar tana ɗaukar dattijon a matsayin kocin mai gudun. Mutum ya iso yana haki, rigarsa sharkaf da zufa, ya zauna a bakin kujera, a tambaye shi nisan da ya yi yau, a yi masa tsiya idan ya rage sauri, a ɗan taɓa hira, ya tashi ya kama hanya. Ranar da aka wayi gari da ruwa da sanyi, zai iya yaudarar kansa ya ce gobe ma rana ce, amma da wuya ya iya yin haka ga tsohuwar da ya san tun la'asar take duban agogo. Dattijon kuma ya tashi daga matsayin wanda ake yi wa alfarma ya koma mai amfanar da wani, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya saba jin cewa ya zama nauyi. Matsalar kaɗaici ta yi girman da gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista domin ta a 2018.

Akwai wasu salon. A Suwidin, Erik Ahlström ya yaɗa gudu tare da tsintar shara wajen 2016, inda mai gudu yake riƙe da leda da safar hannu, yana sunkuyawa yana miƙewa, abin da ke ƙara wa cinyoyi da ƙugu aiki. A Philadelphia ta Amurka, Anne Mahlum ta kafa Back on My Feet a 2007, inda masu sa kai suke gudu da sassafe tare da mutanen da ba su da matsuguni.

Wasu za su ce wannan gudun tsaya-tsaya bai isa horo ba. Gaskiya ne ga mai shirin gasar kilomita 42, sai dai shi dama ba ya cikin waɗanda ake nema a taso daga kan kujera.

Inda nake da damuwa ta gaske shi ne yadda irin wannan aiki yake saurin komawa wasan ɗaukar hoto. Ana iya ganin mutum talatin sanye da riguna iri ɗaya sun kewaye buhun shara biyu suna murmushi, alhali da an auna lokacin da aka ɓata wajen gyara tsayuwa, ya fi wanda aka yi ana aikin. Mafi muni shi ne a sa fuskar gajiyayye a intanet ba tare da izininsa ba, domin a tara yabo. Ma'aunin ƙungiya mai kyau a wurina yana hannun waɗanda aka yi wa aikin: su ne ya kamata su faɗi abin da suke buƙata, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma su ne za su iya shaida ko an dawo mako na gaba. Ziyara ɗaya mai armashi da aka yi aka ɓace ta fi cutar da mai kaɗaici a kan rashin zuwa tun farko, domin an koya masa jira sannan an bar shi da shi.

Haka kuma shiga gidan mai rauni amana ce da kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ta tsare ba. GoodGym tana binciken tarihin laifuffukan mai gudu kafin ta tura shi gidan tsoho, kuma duk ƙungiyar da ta ga wannan matakin ya yi mata nauyi, gara ta tsaya ga ayyukan fili kamar shuka itatuwa da share hanya. Ya kamata kuma shugabanninta su lura kada hukuma ta mayar da su ma'aikatan kyauta. Idan masu gudu suna kwashe shara a wuri ɗaya kowane mako tana dawowa, to aikinsu na gaba shi ne su rubuta wa hukumar da ke da alhakin wurin, su nemi a ajiye kwandon shara, a kuma sa ranar kwashewa.