Motsin Hannu Ba Ya Kore Karayar Ƙashin Kafaɗa

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane da yawa suka yarda cewa muddin wanda ya faɗi yana iya motsa yatsunsa da gwiwar hannunsa, to babu karaya. Wannan fahimta tana da dalilinta, domin karayar da aka fi sani ita ce wadda ke hana gaɓa aiki gaba ɗaya.

Sai dai siririn ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa ba shi ne ke motsa yatsu ba. Tsokar hannu da jijiyoyinta ne ke wannan aiki, kuma galibi suna nan lafiya ko da ƙashin ya karye, wanda yawanci a tsakiyarsa yake karyewa. Yaro zai iya faɗowa daga keke a kan kafaɗarsa, ya tashi ya riƙe kofi, alhali ƙashin ya tsage, domin ƙashin yara yakan lanƙwashe ya tsage ba tare da ya rabu biyu ba.

Shi ya sa likitan sashen gaggawa ba ya tsayawa kan motsi. Yakan bi ƙashin da yatsa yana neman inda zafi ya taru, da kumburi ko tudun da ke tokare fata. Yakan duba bugun jini da jin taɓi a hannun, ya saurari numfashi, saboda ƙashin yana kusa da manyan jijiyoyi da saman huhu. Daga nan hoton ƙashi ne zai bambance karaya da gocewar kafaɗa, waɗanda maganinsu ba ɗaya ba ne.