Ma'aikaci ya zo da abin awo saboda jirgin ruwa ya cika girma

Ni fa abin da na gani a nan Fort Lauderdale ta jihar Florida a Amurka har yau yana cin raina. Garin nan ruwa ne ya ratsa unguwanni kamar lunguna, masu hali kowa da ɗan dandamalin katako a bayan gida inda yake ɗaure jirginsa, mota a gaba jirgi a baya. To mai gidan da nake wa gyare-gyare ƙaninsa ya zo da wani ƙaton jirgi, lokacin baje kolin jiragen ruwa da suke yi duk shekara wajen ƙarshen Oktoba, wai kwana biyu kawai zai ɗaure ya wuce. Maƙwabci ya buga wa hukuma waya. Sai ga ma'aikaci da abin awo, ya ce doka ba ta yarda jirgi ya ci sama da kashi 30 cikin 100 na faɗin ruwan ba, kuma kada hancinsa ko bayansa ya leƙa ɓangaren maƙwabta. Ya manna takarda a ƙofa, ko a ɗauke ko tara ta fara hawa.

Da farko haushi na ji wallahi, baƙo ne fa, a Yawuri wa zai kai ƙarar baƙon maƙwabcinsa don ya jingina kwale-kwale? Sai dai a matsa masa wuri, a aika masa da abinci. Wannan kam mun fi su, maƙwabcin nan ko sallama bai yi ba balle ya ce don Allah a gyara.

Amma ku tsaya, dalilin dokar shi ne a bar tsakiyar ruwa a buɗe, wani ya wuce lafiya, jirgin ceto ya samu hanya in ta ɓaci. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji ciwo, amma an turo mutum ya auna. Mu kuma a 2021 jirgi ya kife a Bagwai da yara 'yan Islamiyya, a shekarar dai aka yi na Warra a Kebbi, a 2023 na Patigi ya ci sama da mutum 100 'yan biki. Kullum zancen ɗaya ne, lodi ya yi yawa, ba rigar ruwa, tafiyar dare, sai mu ce ƙaddara a yi ta'aziyya a watse. Mahaifiyata har gobe a kwale-kwale take zuwa kasuwa, kuma ba mai tsayawa a bakin gaɓa ya ƙirga mutum nawa aka zuba kafin a tashi.