Hazo ya sauko, direba ka tuna rayuka ka ɗauko

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman direbobinmu na hanyar Ringim, Gujungu, Gumel har Maigatari, da fasinjojin da ke sammakon kasuwa.

Hunturu ya kankama. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wata safiyar sai ta rufe gari har ba ka hango bishiyar da ke bakin titi. Kuma a daidai wannan lokaci ne amfanin gona ya zo gida, kowa na da riɗi ko gero ko zoɓo da yake son kaiwa kasuwa. Daren Laraba wayewar Alhamis, ka ga motoci sun nufi Maigatari, an yi lodi har ya fi ƙarfin mota, mutane kuma a zaune a saman buhuna, sanyi na kaɗa su, direba na gudun wuce sa'a don kada ciniki ya wuce shi.

Malam direba, a cikin hazon nan akwai amalanke da ba ta da fitila, akwai garken shanu da ke tsallaka titi, akwai tirelar da ta lalace aka jera mata ganye kawai a baya. Kafin ka gan su ka riga ka isa kansu. Rage gudu, kunna ƙaramar fitila, domin babbar a cikin ƙura ido take dawo maka da hasken. Kada ka yi aron hannu don wuce wata mota alhali ba ka ganin mai tahowa. In abin ya yi tsanani, sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, ka jira gari ya washe.

Ranar da Manzon Allah (SAW) ya taso daga Arfa, ya ji mutane a bayansa suna tsawa suna dukan raƙuma don su yi sauri, sai ya yi musu nuni da bulalarsa ya ce su lizimci natsuwa, domin aikin alheri ba a gaggawa yake ba. Bukhari ne ya ruwaito. Mahajjata ne fa, a hanyar ibada, a kan raƙuma. To ina ga wanda ya ɗauko uwaye da marayu a cikin ƙarfe, don neman kuɗin lodi ɗaya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar nan ta "in kwana bai ƙare ba babu abin da zai faru". Gaskiya ce aka ɗauko ana fakewa da ita. Wanda ya rubuta ajali shi ne ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka. Kuma mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Birki mai kyau da taya mai lafiya duk cikin tawakkali suke. Arzikin da aka rubuta maka ba zai ƙaru don ka taka mota ba, wani kuma ba zai cinye maka shi don ka tsaya a Gujungu ka yi sallar asuba cikin natsuwa ba.

Da yawa ba su san cewa wanda ya yi sanadin mutuwar mumini bisa kuskure akwai diyya da kaffara ba, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92. Kaffarar ita ce 'yanta bawa mumini, wanda bai samu ba kuma sai azumin wata biyu a jere. Ribar wace kasuwa ce za ta biya wannan?

Fasinja, kai ma da naka. Kai ne mai cewa "direba taka mana, za mu makara". In ya yi ganganci ka yi shiru don kada a ce kai matsoraci ne. Yi magana da ladabi, in ya ƙi ji ka sauka, ka bar masa kuɗin motar.

Ba mu manta da Majiya ba, a ƙaramar hukumar Taura, cikin Oktoban 2024, lokacin da tankar mai ta faɗi da dare, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Na san talauci ne ya kai mutane wurin, kuma ba zargin mamata nake ba, Allah ya gafarta musu ya ba iyalansu haƙuri. Amma mu da muka rage, in mota ta faɗi, kada kowa ya nufi kaya, ko da nasa ne. A nisanci tanka, a ciro masu rauni daga mota, a sa alama nesa don masu tahowa a cikin hazo, a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Amin.