Ba kowace ƙungiyar asiri ce ta tsafi ba

Da ka ce ƙungiyar asiri hankalin mutane sai ya tafi kan matsafa da masu shan jini, to ni dai tarihin Hongmen ta 'yan Sin ya sa na fara yi wa kalmar wani kallo daban. Jinin kam sun sha, ba ƙarya, ranar shigar da sabon mamba ana yanka zakara, a tsaga yatsa a ɗiga jini cikin giya kowa ya kurɓa, sannan a karanta rantsuwa 36. Har yadda mutum zai jera kofunan shayi a kan tebur magana ce, ɗan'uwa yana gani ya san nasa ne.

Asalinta a lardin Fujian ne wajajen 1761, sunanta Tiandihui, wato ƙungiyar sama da ƙasa, takensu kuwa a kifar da gidan sarautar Qing mai mulkin Sin a lokacin a dawo da na Ming da ya gabace shi. Suna da labarin wasu sufaye biyar da suka tsira bayan an ƙona musu wurin bauta na Shaolin, amma masana sun fi ɗaukarsa tatsuniya.

Inda abin ya fi kama ni shi ne da suka tsallaka teku. Kaga mutum ya baro lardin Guangdong na Sin ya zo haƙar zinare a Kalifoniya ko garin Barkerville na Kanada, inda aka kafa reshe a 1863, ba mata ba dangi ba ya jin Turanci, ga Amurka ta yi dokar hana ma'aikatan Sin shiga a 1882, Kanada kuma ta sa musu harajin kai dala 50 a 1885 har ya kai 500 a 1903, to wa zai kula da shi in ya kwanta ciwo? Gidan ƙungiya ne masaukinsa, nan zai samu aiki, nan ake raba rigima, in ya tsufa nan zai ƙare kwanansa. In ya mutu su binne shi, bayan wasu shekaru a tono ƙasusuwan a wanke a sa a akwati a tura ƙauyensu. Wallahi a ganina wannan ne ya riƙe su fiye da duk wata rantsuwa.

Ba wai ina wanke su ba ne fa. Wasu rassan sun faɗa harkar caca da ofiyam da karɓar kuɗin kariya, a Malaya kuma ƙungiyoyin asiri biyu na 'yan Sin, Ghee Hin da Hai San, sun zubar da jini kan ma'adinan kuza a Larut har Turawan Ingila suka samu ƙofar shiga masarautar Perak, inda Larut take, a 1874.

Sai kuma ɗan siyasa ya zo. Sun Yat-sen, jagoran masu neman kifar da gidan Qing, ya shiga reshensu Chee Kung Tong a Honolulu a 1904 don ya samu kunnen 'yan ci-rani da aljihunsu, a 1911 'yan Kanada har jinginar da gine-ginensu suka yi suka ba shi kuɗin juyin juya hali. Masu wanki da masu dafa abinci ne fa suka yi wannan karo-karon. Da aka ci nasara suka nemi a yi musu rajista a gida, aka yi ta musu yawo da hankali, an ci moriyar ganga kenan. A 1925 suka kafa jam'iyyarsu Zhi Gong a San Francisco, wanda suka ɗauko ya shugabance ta kuwa Chen Jiongming ne, janar ɗin da sojojinsa suka yi wa fadar Sun Yat-sen luguden wuta a 1922.